YADDA AKE KULA DA TSOHON INJIN BAN RUWA

Da zarar damina ta ɗauke, hankalin manoman ƙasar Danja sai ya koma fadama. Daga Danja zuwa Dabai, Kahutu, Tandama da Kokami, duk inda aka bi bakin rafi za a ji ƙugin inji. Tumatir, attarugu, tattasai da albasa duk da ruwan inji suke rayuwa har kaka ta yi. Manyan motoci kuma su kwashi kwanduna zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu.

A da can da jigo ake ban ruwa. Mutum ya wuni yana ja, fangali kaɗan zai shayar. Ƙananan injina masu shan fetur sun fara yawaita ne a shekarun 1980, ta hannun hukumomin aikin gona irin wadda aka kafa a Funtuwa a 1975. Daga 1993 shirin Fadama na Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya ya ƙara yaɗa su a jihohin Arewa, tare da ƙananan rijiyoyin bututu da ake kira tubwel.

Yau a gidaje da yawa injin ya tsufa, sabo kuwa ya yi tsada. Mai ma haka. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a gidajen man gwamnati. A watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000. Don haka mai tsohon inji dole ya riƙe abinsa da kyau.

Lalacewar inji a tsakiyar rani ba ƙaramar asara ba ce. Idan tumatir yana fure ya sha ƙishirwa, furen zubewa yake yi. Idan ya ɗaura 'ya'ya aka yi masa yau da ruwa gobe babu, sai 'ya'yan su tsage ko gindinsu ya yi baƙi. Kwana huɗu da inji zai yi a wurin makanike suna iya cinye wahalar wata uku. Abubuwa huɗu ne suka fi kashe inji: tsohon baƙin mai, ƙura, fetur mai datti, da tayar da famfo babu ruwa a cikinsa. Duk huɗun manomi zai iya tsare su da hannunsa, kuma ba da kuɗi mai yawa ba.

ABU BIYU NE A JIKI ƊAYA

Abin da ake kira injin ban ruwa abu biyu ne aka haɗa. Akwai inji, mai shan fetur yana juyawa. Akwai famfo, mai zuƙo ruwa yana turawa. Ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su. Sanin wannan yana da amfani. Idan inji ya ƙi tashi, ciwon yana ɓangaren inji. Idan ya tashi lafiya amma ruwa bai fito ba, ciwon yana ɓangaren famfo da tiyo. Wanda bai raba su ba sai ya kwance kafireto alhali tiyo ne ya huje.

Injinan da aka fi gani su ne Honda, Robin da Yamaha, sai kuma 'yan ƙasar Sin. Da yawa daga cikin 'yan Sin an ƙera su ne a kan fasalin Honda mai lamba GX160. Lissafin da ke cikin wannan bayani na irin wannan inji ne. Na sauran bai yi nisa da shi ba.

BAƘIN MAI

A cikin inji ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, har sau 3,600 yake juyawa a minti ɗaya. Baƙin mai ne ke shiga tsakani don kada su ci juna. Man da injin ke ɗauka bai da yawa, kaɗan ya wuce rabin lita. Shi ya sa idan ya ragu ko ya yi datti, ɓarna ba ta daɗewa.

Kullum da safe, kafin a ja igiya, a ajiye inji a wuri mai daidai a buɗe murfin mai a duba. Man ya kamata ya zo bakin ramin. Idan ya yi ƙasa a ƙara. Tsohon inji yana shan mai, don haka kada a ce ai jiya an duba.

Masu ƙera injin sun ce a canza mai bayan awa 100 na aiki. Injin da ke aiki awa 5 a rana, kwana 20 ke nan. Idan ya tsufa, kuma ana cikin ƙura da zafi, gara a canza bayan awa 50. Injin da aka sa wa sababbin zobba, ko sabo fil, a fara canza masa bayan awa 20 kacal.

Ana juye mai ne lokacin da inji yake da ɗumi, don dattin ya biyo shi. A kwance notin ƙasa, a tara gwangwani, a bari ya tsiyaye sarai. A mayar da noti, sannan a zuba sabo. Man da aka fi samu a kasuwa mai lamba SAE 40 ne ko 20W-50, kuma yana aiki. A sayi na cikin galan a rufe. Man da aka juye daga mota ko babur ya gama aikinsa, akwai garin ƙarfe a cikinsa. Araha ba ta ado.

Abin lura: ba a gauraya baƙin mai da fetur a injin ban ruwa. Ƙaramin janareto ne ake yi wa haka, domin ƙirarsa dabam ce. Idan kuma aka ga man ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ne ya shiga cikinsa. A tsai da aiki a nemi inda ya shiga.

Tsohon man da aka juye kada a zubar da shi a fadama ko kusa da rijiya. Yana ɓata ƙasa da ruwa. A tara shi a galan a rufe.

ƘURAR HUNTURU

Noman rani ya faɗo daidai lokacin hunturu. Inji kuwa yana shaƙar iska kamar yadda mutum ke numfashi. Idan ƙura ta shiga, sai ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. A hankali take cinye zobban fistin. Daga nan inji ya fara hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu.

Abin da ke tare ƙura shi ne matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina. Tana cikin wani ɗan akwati a saman kafireto. Yawanci soso ne a ciki. Littafin inji ya ce a wanke shi bayan awa 50, amma a cikin hunturu a duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Ga yadda ake yi:

1. A cire soson a wanke da ruwa da sabulu.
2. A matse shi a hankali, kada a murɗa, don kada ya yage.
3. A shanya shi ya bushe ƙarau.
4. A ɗiga masa sabon baƙin mai kaɗan, a matse har man ya game shi, a fitar da rarar.
5. A goge cikin akwatin da tsumma, a mayar.

Idan matatar ta takarda ce, ba a wanke ta. Kakkaɓewa ake yi. In ta yi baƙi ko ta huje a canza. Wasu idan soso ya ruɓe sai su jefar, su ci gaba da aiki haka. Injin zai tashi, har ma ya yi kamar ya ƙara ƙarfi, amma ajalinsa ake kusantowa.

Iska ce kuma ke sanyaya injin. Akwai fanka a bayan igiya, tana hura iska ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin inji. Ciyawa da laka suna toshe wurin. Zanzaro ma yakan yi gini a ciki idan inji ya daɗe a ajiye. A riƙa sharewa da tsinke. A yi wa inji inuwa da zana, amma kada zanar ta kusanci salansa. Kada a watsa wa inji ruwa yana da zafi, ƙarfen yana iya tsagewa.

FETUR DA KAFIRETO

Kafireto ne ke gauraya fetur da iska. Ƙofar da fetur ke bi a cikinsa ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi kafar allura ba sosai. Ƙwayar yashi ɗaya tana iya toshe ta. Yawancin ƙin tashin inji daga nan yake farawa.

A ware galan ɗaya mai murfi don fetur kaɗai. Kada a zuba a wanda aka ɗebi ruwa ko maganin feshi da shi. In za a zuba a tanki, a sa mazurari da tsumma mai tsabta. Akwai 'yar rariya a bakin tanki, kada a cire ta don sauri.

A kula da inda ake sayen mai. Fetur da aka gauraya da kananzir yana sa inji zafi da hayaƙi. Ko a gidan mai akan sami matsala. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da gurɓataccen fetur Nijeriya, ya lalata motoci da yawa, musamman a Legas da Abuja. Mai shakka ya zuba man a kwalba mai haske ya ajiye na ɗan lokaci. Ruwa ya fi fetur nauyi. Idan akwai shi, zai kwanta a ƙasa a gan shi.

A ƙarƙashin makunnin fetur akwai ɗan kofi da ke tara datti da ruwa. A rufe fetur, a kwance kofin, a wanke, a mayar tare da robarsa. A gindin kafireto kuma akwai ɗan noti na tsiyaye mai. Idan ana zaton ruwa ya shiga, a sassauta shi har fetur mai kyau ya fara zuba.

Idan ƙofar kafireto ta toshe, a wanke da fetur a hura da famfon keke. Kada a zura allura ko waya. Ramin zai buɗe, daga ranar kuma inji ya zama mashayin mai.

FULOGI

Fulogi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur. A duba shi bayan awa 100. A bari inji ya huce kafin a kwance. Launin bakinsa yana faɗin lafiyar inji:

Ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe: inji lafiya lau.
Baƙi, a bushe kamar kunkunniya: fetur ya yi yawa. Ko matatar iska ta toshe, ko an bar cok a rufe.
Baƙi mai maiƙo: baƙin mai yana hawa sama, zobba sun cinye.
Fari fat: inji yana zafi fiye da kima, ko fetur bai isa ba.

A kankare dattin da burushin waya. Tazarar da ke bakin fulogi ta zama milimita 0.7 zuwa 0.8. Wanda ba shi da abin awo ya gwada da katin zaɓe ko katin banki, kaurinsu kusan haka ne. In za a mayar, a fara ɗaurawa da hannu har ya zauna, sannan a ɗan ƙara da sifana. Wanda ya fara da sifana yana iya cinye zaren ramin, gyaran kuwa mai tsada ne.

Kowane fulogi da lambarsa a jiki. A rubuta lambar, a sayi irinta. Ya kamata a ajiye guda ɗaya sabo a aljihu ko a jakar kayan aiki.

ƁANGAREN RUWA

A cikin famfo akwai farfela mai juyawa. Tsakanin famfo da inji kuma akwai wani zobe da ake kira sil, shi ke hana ruwa bin ƙarfe ya tsiyaye. Ruwa ne ke sanyaya sil. Idan aka tayar da inji famfo a bushe, nan da nan sil ya ƙone. Saboda haka kafin a ja igiya, a buɗe murfin saman famfo a cika shi da ruwa taf. Ko gwaji za a yi a gida, sai an zuba ruwa. Idan aka ga ruwa yana ɗiga tsakanin famfo da inji, sil ne ya mutu. A canza shi da wuri.

Tiyon zuƙo ruwa shi ne mai tauri. Babban abokin gabansa iska ce. Ƙaramar kafa ko sakakken ɗauri ya isa ya hana ruwa hawa. Mai shan fura da kara ya san haka: in karan ya tsage, iska zai yi ta zuƙa. A tabbata robar da ke bakin mahaɗi tana nan. A ɗaure da zoben ƙarfe, a bi da robar tsohon tif.

A bakin tiyo, cikin ruwa, dole a sa rariya. Idan babu ita, tsakuwa da ciyawa za su shiga su ci farfela. Kada rariyar ta kwanta a kan laka ko yashi. A sa ta cikin tsohon kwando, ko a ɗaure ta a jikin turke. Ta nutse kamar kamu ɗaya, don kada ta ja iska daga sama.

Famfo yana da iyakar zurfin da zai iya zuƙowa. Masu ƙera shi sun ce mita 8, wato kamar ƙafa 26, daga saman ruwa zuwa inji. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. Tun daga mita 6 ruwan yake raguwa sosai. A watannin Maris da Afrilu ruwan fadama yana yin ƙasa. Manomi sai ya ga ruwa ya ragu, ya ɗora wa inji laifi, ya ƙure totur. Mai ya ƙone a banza. Maganin shi ne a matso da inji kusa da ruwa, a rage tsawon tiyon zuƙo. Tura ruwa ya fi wa famfo sauƙi a kan zuƙo shi.

Ga wata dabara ta gane lafiyar famfo. A farkon rani a cika duro mai lita 200, a duba agogo a rubuta lokacin da ya ɗauka. Sabon famfo mai inci 2 yana iya ba da kusan duro 3 a minti ɗaya idan ruwa yana kusa. Mai inci 3 kuwa kusan duro 5. Tsoho ba zai kai haka ba. Bayan wata ɗaya a sake gwadawa a wuri ɗaya. Idan lokacin ya ninka, alhali ruwan bai yi ƙasa ba, akwai abin dubawa.

IDAN INJI YA ƘI TASHI

Inji yana bukatar abu uku: mai, wuta da iska. A bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kada a fara da kwance-kwance.

1. Makunni yana kunne? Akwai fetur a tanki? An buɗe makunnin fetur?
2. In da sanyin safiya ne, an rufe cok? Bayan ya tashi a buɗe.
3. A duba baƙin mai. Wasu injina suna da na'urar da ke hana su tashi idan mai ya yi ƙasa ko an ajiye su a karkace.
4. A sassauta notin gindin kafireto. Idan fetur bai zubo ba, hanyar mai ta toshe.
5. A cire fulogi, a sa masa hularsa, a jingina gindinsa a jikin ƙarfen inji nesa da ramin, a ja igiya. Ya kamata a ga tartsatsi shuɗi. Kafin a yi wannan, a goge duk fetur da ya zube. In babu wuta a gwada sabon fulogi. In har yanzu babu, sai makanike ya duba kwayil.
6. Idan fulogi ya jiƙe da fetur, mai ya yi yawa. A busar da shi, a buɗe cok, a sake ja.
7. A duba matatar iska.

Igiya ma tana ba da labari. Idan ta zo sakwaf babu nauyi, zobba ko bawul sun saki. Idan ta ƙi motsi sam, ko dutse ya maƙale a farfela, ko inji ya kafe don rashin mai. Kada a ja da ƙarfi. A buɗe famfo a duba tukuna.

IDAN YA TASHI AMMA BABU RUWA

A kashe shi nan take, kada a tsaya jira. A sake cika famfo. A duba ko rariya ta toshe ko ta fito waje. A bi tiyon zuƙo da hannu a nemi kafa. A duba robar mahaɗi. A duba ko tiyon turawa ya lanƙwashe. A auna zurfin ruwa. Sai an gama duk wannan sannan a buɗe famfo a duba farfela.

AIKIN MAKANIKE

Akwai aikin da ya fi ƙarfin manomi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da yawan shan baƙin mai alamar zobba ne. Ƙara mai kama da bugun guduma daga ciki alama ce ta ƙarfe ya saki. Idan aka ji ta a kashe inji, domin ci gaba da aiki yana iya fasa shi gaba ɗaya. Saitin bawul ma aikin makanike ne, bayan awa 300 ko sau ɗaya a shekara.

Lokacin wannan gyara shi ne watan Satumba, kafin dashe. A lokacin makanike ba shi da layi, shuka kuma ba ta jiran ruwa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba ranar da ciwo ya tashi ake fita neman ta ba.

In za a je Funtuwa, Malumfashi ko Zariya sayen kayan gyara, a tafi da tsohon abin a gwada. A rubuta lambar inji a takarda. Kayan jabu suna da yawa. Zobe ko sil mai arahar gaske yakan mutu kafin rani ya ƙare, a biya kuɗin aiki sau biyu. Mai inji ya tsaya a yi gyaran a gabansa. Zai koyi wani abu, kuma zai karɓi tsofaffin kayansa.

Abu biyu kada a yarda a yi. Na farko, yanke wayar na'urar baƙin mai don inji ya daina mutuwa. Wannan kamar korar mai gadi ne don yana yawan ihu. Na biyu, ɗaure gwamna ko murɗa shi don ƙarin gudu. Gwamna ne ke tsare inji kada ya wuce gudun da aka yi shi dominsa.

HAƊARI GA RAI

Idan ruwa ya yi ƙasa, wasu sukan haƙa rami ko su zura inji cikin rijiya. A nan akwai babban haɗari. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba da ba a gani, kuma ba ta da wari. A fili iska tana kwashe ta. A cikin rami kuwa taruwa take yi. Mutum ya shiga, sai jiri, sai ya faɗi. Wanda ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi.

Saboda haka kada kowa ya shiga rijiya ko rami mai zurfi inji yana aiki a ciki. Bayan an kashe ma, a jira iska ta wanke wurin sosai. In za a saukar da inji, ramin ya zama mai faɗi, marar zurfi, buɗe ta ko'ina. Idan wani ya faɗi a ciki, a kira jama'a, a fito da shi da igiya, a kai shi cikin iska, a garzaya asibiti. Haka nan kada a tayar da inji a ɗaki ko a bukkar da ake kwana.

Ba a zuba fetur inji yana aiki. A kashe, a bari ya ɗan huce. Ban da taba, ban da ashana. Yara masu taya ban ruwa a nuna musu salansa, a gaya musu tana ƙuna.

GAS DA SOLA

Tun da fetur ya yi tsada a 2023, manoma a wurare da dama na Arewa suka mai da injinansu masu aiki da gas ɗin girki. Ana canza kafireto ne a sa na gas. Wanda zai yi haka ya nemi makaniken da ya san aikin, ya sa tiyon gas na ainihi. Tukunya ta tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da salansa. Ana neman yoyo da ruwan kumfar sabulu, ba da ashana ba. Injin gas ma yana bukatar canjin baƙin mai da wankin matata kamar kowane.

Akwai kuma famfon sola mai aiki da hasken rana. Ba ya shan mai, amma kuɗin sayensa da nauyi. Mai shi ya riƙa goge faifan, domin ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na hukumar KTARDA.

AJIYA DA DAMINA

Injina da yawa a ɗaki suke lalacewa, lokacin da ba sa aikin komai. Fetur idan ya yi wata ɗaya ko biyu a kafireto yana fara lalacewa, ya bar danƙo. Ruwan da aka bari a famfo yana kawo tsatsa. In an gama rani a yi haka:

1. A zuƙo ruwa mai tsabta ya wanke famfo. A kwance notin ƙasa ruwan ya fita duka.
2. A juye fetur daga tanki da kafireto.
3. A canza baƙin mai.
4. A cire fulogi, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon mai a ramin, a ja igiya sau uku ko huɗu a hankali, a mayar da fulogi.
5. A sake jan igiya a hankali har a ji ta yi nauyi, a bar ta nan. A haka bawul suna rufe, raɓa ba ta shiga.
6. A ɗora inji a kan katako, a rufe da buhun algarara ko tsohon zane. Leda tana tara gumi.
7. Kada a ajiye shi kusa da takin zamani, yana sa ƙarfe tsatsa.
8. A wanke tiyo, a naɗe, a rataye inda rana da ɓera ba za su kai ba.

LITTAFIN INJI

Kai ba ya riƙe lissafin awa. A sami ƙaramin littafi a ba inji. Kullum a rubuta kwanan wata, awa nawa ya yi, lita nawa ya sha. A rubuta ranar canjin mai, da abin da aka saya, da kuɗinsa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya ja layi ɗaya a kan kowace awa. Layi 50 ya cika, ranar canjin mai ta zo.

Littafin yana nuna ciwo tun kafin ya kwantar da inji. Idan bara lita 4 tana shayar da lambu, bana sai 6, akwai dalili. Yana kuma raba gardama tsakanin masu tarayya a inji ɗaya, ko mai ba da haya da mai karɓa.

Ƙungiyoyin manoma suna iya haɗa kuɗi su ajiye fulogi, sil, igiya, soso da robar mahaɗi. In da hali su ajiye inji ɗaya na ko-ta-kwana, wanda nasa ya tsaya ya ara. Wannan kula ɗin ita ce dai ake yi wa injin niƙa, da injin matse rake na masu mazarƙwaila, da janareto.

Kafin dashen bana, kowane mai inji ya fito da shi tsakar gida. Ya duba mai, ya wanke soso, ya kankare fulogi, ya cika famfo da ruwa, ya ja igiya. Abin da ya gani ya gyara tun shuka tana gadon reno. Allah ya ba da rani mai albarka, ya sa a sayar da daraja.